Wasiƙa zuwa ga aminina a Maraɗi

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ɗalibai? Mu nan Kano sai godiya. Ka tambayi abin da nake yi da 'yan ajin ƙarshe na sakandare a wannan zangon. To, talla muke karantawa.

Na shigar da shi ta darasin auna fahimta. Kowane ɗalibi yakan kawo talla guda, daga rediyo, ko allon bakin titi, ko wayar yayansa. Sai mu baje shi, in tambaye su wa ya biya kuɗin wannan magana, kuma me ya ɓoye. Abin da ya ba ni mamaki, yaran nan sun haddace tallace-tallace fiye da karatunsu, amma kaɗan ne suka taɓa lura cewa “ragi har zuwa kashi 50” na iya zama kashi 5 kawai, ko cewa ₦4,999 dubu biyar ce aka cire mata naira ɗaya don ido ya ga huɗu.

Inda muka fi daɗewa shi ne kan masu alkawarin riba. Ka tuna MMM, da ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe asusunsu a Disambar 2016? Yaran nan suna firamare a lokacin. Amma CBEX, wata manhajar zuba kuɗi ta intanet da ta ruguje a Afrilun 2025, wannan kam sun gani da idonsu, wasu ma a gidajensu aka yi kukan. Na sa su lissafi a allo: kashi 30 duk wata, idan ana juya ribar, dubu goma za ta haura dubu ɗari biyu a shekara. Na ce su nuna mini ɗan kasuwa guda a Kantin Kwari ko Singa da yake samun haka. Aji ya yi tsit. Daga nan muka koma kan kalmomin da ake farautar mutane da su: “yau ne kaɗai”, “gurbi ya kusa cika”, da hoton wani a jikin mota yana cewa shi ma a da talaka ne.

Tallan maganin gargajiya ya fi wuyar taɓawa, domin iyayen wasunsu sana'arsu ke nan, kuma ba na son yaro ya raina abincin gidansu. Sai na tsaya kan da'awar kawai: kwalba ɗaya ta warkar da basir da shawara da ciwon suga gaba ɗaya? Na koya musu duba lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya) da ranar lalacewa. Haka 'yan TikTok masu yabon man shafawa, na ce su riƙa tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Daga ƙarshe na sa kowa ya rubuta tallan ƙosai ko zoɓo, sannan abokinsa ya ja layi ƙarƙashin duk inda ya kambama ko ya ɓoye wani abu. A ganina wannan ya fi duk bayanina tasiri, domin wanda ya ƙulla dabara da hannunsa yakan gane ta a hannun wani.

Don Allah ka naɗo mini wasu tallace-tallacen rediyon Maraɗi, na Hausa, mu kwatanta da namu. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Kano