Gasar kyau ba ta yara ƙanana ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lahiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ba ni ɗan wuri in yi magana kan wata sabuwar ɗabi'a da ta fara shigo mana nan Damagaram, wato gasar kyau ta yara wadda suke ce ma mini mis. Wasu lakwal masu zaman kansu sun fara cusa ta cikin bikin ƙarshen shekara, a jera 'yan mata 'yan shekara shida, bakwai, takwas, a manna ma kowace lamba a ƙirji, su yi ta rangwaɗa gaban alƙalai iyaye na guɗa suna liƙi.

Ni mai kitso ce kuma ina ƙunshi, saboda haka kar wani ya ce ban san daɗin kwalliya ba, da ita nake ci. Jajibirin sallah gidana ba wurin sa ƙafa, yaran nan ne dai nake ma kitso a sa masu lalle da tozali su tafi Birni kallon hawan sarki, kowace tana jin ba kamarta. Amma ba mai zama da biro da takarda yana ba su maki, ba mai cewa ke kin fi, ke kuma koma gida. Abin da ya dame ni kenan, makin nan.

Wata uwa ta kawo min ɗiyarta 'yar shekara bakwai wai a shirya ta. Meshi har gadon baya, gashin ido na kanti, ƙumbar roba, jan baki. Yarinya ta gaji har tana gyangyaɗi a hannuna, fatar kanta ta yi ja saboda nauyin meshin, da aka zo manna gashin idon gam ya sa idonta na ta zubar da hawaye, uwar na cewa ki daure mana, kina so wance ta fi ki? Duk wannan na shanye. Wanda ban iya shanyewa ba shi ne da ta matso ta rage murya ta ce wane mai ne zai ɗan haska ta kafin ranar, don ta lura farare ake ba na ɗaya. Mayukan bilicin ɗin nan da ke cike kasuwa da yawansu akwai sinadaran da ake kira hidrokinon da kortikoyid a ciki, mu da muke taɓa kai da wuyan mata kullum mun san abin da suke yi, fata ta yi siriri, nankarwa, ƙuraje, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin. Babbar mace ma ya ta ƙare da su, balle fatar yaro.

Sai maganar ƙuri'a. A saka hotunan yara a WhatsApp a ce ƙuri'a guda dala ashirin, kowa ya saya iya ƙarfinsa, to ka ga ɗiyar mai kuɗi ta ci tun kafin a kafa rumfa, ɗiyar mai kabu-kabu kuwa ubanta ya ci bashin ɗinki da na takalmi ta dawo tana kuka tana tambayar uwarta ko ita mummuna ce. Me za ki ce mata? Ko wadda ta ci ɗin ban ga ribarta ba, an koya mata tun ba ta iya haɗa baƙi ba cewa fuskarta ce jarinta.

Kuma bidiyon ba ya tsayawa a filin lakwal. Kafin magariba ya hau TikTok, ƙatti waɗanda ba wanda ya san su suna rubuta a aje min wannan, wai wasa. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna wajen uku cikin huɗu na 'yan mata ana masu aure kafin su kai shekara 18, ni ban ɗauki wannan wasa ba. A 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinya mai karatu don ta daɗe a aji, sai kuma a cikin lakwal ɗin ne za a yi mata shigar amarya a ɗora ta kan dandali?

Masu shirya abin suna cewa wayewa ce, haka ake yi a waje. To Faransar da muke kwaikwayo ita kanta ta ja birki, majalisar dattawansu ta tada maganar a 2013, a 2014 doka ta hana gasar kyau ga yara 'yan ƙasa da shekara 13, daga 13 zuwa 16 kuma sai da izinin hukuma. Wasu kuma su ce ai Fulani Woɗaɓe na yin Gerewol, gasar kyau ce tamu ta gargajiya. Gaskiya ne, amma samari ne da hankalinsu suke shafa fuska su shiga layi don kansu, ba uwa ce ta riƙe masu kai ana manna masu gam ba.

Hujja guda da na yarda tana da ɗan nauyi ita ce wai abin na cire ma yara tsoron tsayuwa gaban jama'a. Na ji. Amma yarinyar da ta tashi ta yi tatsuniya, ko ta ja karatu a musabaƙa, ko ta fito a wasan kwaikwayo, ita ma ai gaban jama'a ta tsaya, in ta faɗi bana tana iya ƙara ƙoƙari baɗi. Wadda aka kayar don hancinta ko launin fatarta fa, wane ƙoƙari za ta ƙara?

Roƙona Malam Edita, ku gayyato wani daraktan lakwal da ke shirya irin wannan, da likitan fata, da wakilin ƙungiyar iyayen yara, ku buɗe layi mu kira. Masu sa ido kan makarantu su ma a tambaye su ko da saninsu ake yi. Ni dai in na samu layi tambayata ta farko ita ce kuɗin ƙuri'un nan aljihun wa suke shiga.

Taku mai saurare kullum,
wata mai kitso, unguwar Zango, Damagaram