Ribar shekara guda ba ta isa a auna kamfanin mai ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan sharhin da ya fito a shafinku na kasuwanci, inda marubucin ya ce hannayen jarin kamfanonin mai da gas sun yi araha, har yana ba masu karatu shawarar su gaggauta saye. Hujjarsa guda ce. Ya raba farashin hannun jari da ribar shekarar da ta wuce, ya ga adadin ya fito ƙarami, sai ya yanke hukunci. Ni tsohon akanta ne, kuma ban san wata harka da wannan lissafi yake yaudarar mutane a cikinta kamar harkar mai ba.

Lissafin kansa ba shi da laifi. Idan hannun jari yana dala 80, ribar da ta hau kansa a shekara kuma dala 10 ce, to ka saye shi a ninki 8 ke nan, kuma shekara 8 za ta mayar maka da kuɗinka muddin ribar ta tsaya cak a haka. Sai dai ribar mai ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, domin kamfanin ba shi ke yanke wa hajarsa farashi ba. A watan Yulin 2008 gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, kafin shekarar ta ƙare ta dawo ƙasa da dala 40. A tsakiyar 2014 tana sama da dala 100, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Ranar 20 ga Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jirage da motoci, farashin man Amurka ya nutse har ƙasa da sifili, mai kaya ne ma yake biyan kusan dala 37 a ɗauke masa ganga don ba shi da wurin ajiya. Shekara biyu bayan haka Rasha ta afka wa Yukren, farashin ya yi tashin gwauron zabo ya wuce dala 120. Rijiyoyin nan su ne dai, ma'aikatan su ne, kuɗin haƙowa bai canza sosai ba. Abin da ya rage bayan an cire kuɗin aiki ne yake kumbura ya kuma saɓule.

Bari in ɗauki ExxonMobil, babban kamfanin mai na Amurka, ba don ina tallarsa ba, sai don alƙalumansa a fili suke kowa zai iya dubawa. A 2013 ya ci ribar dala biliyan 32.6, a 2014 biliyan 32.5. Daga nan aka fara gangara: 16.2 a 2015, sai 7.8 a 2016. Ya ɗan farfaɗo da 19.7 da 20.8 a shekaru biyu na gaba, ya koma 14.3 a 2019. A 2020 asara ya tafka ta biliyan 22.4. A 2021 ya ci 23, a 2022 kuma ya ci biliyan 55.7, ribar da bai taɓa cin irinta ba. A ƙarshen wannan shekarar darajar kamfanin gaba ɗaya a kasuwa tana wajen dala biliyan 450. Wanda ya bi hanyar mai sharhinku zai raba 450 da 55.7, ya sami ninki 8, ya ce ga garaɓasa. Amma a tara ribar shekarun goma duka, za a sami kusan biliyan 200, wato matsakaicin biliyan 20 a shekara. Ribar 2022 ta kusa ninka abin da kamfanin ya saba ci sau uku.

Saura gyara ɗaya, kuma shi ne wanda mutane suke tsallakewa. Dalar 2013 ba ita ce dalar 2022 ba. Abin da dala 100 ta saya a Amurka a 2013, sai da kusan dala 125 za a saye shi a 2022. Don haka kafin a tara, sai an ɗaga ribar kowace tsohuwar shekara gwargwadon hauhawar farashin da aka yi tun daga lokacin, asarar 2020 ma a ɗaga ta haka nan, kada a yi son kai. Da na yi wannan, biliyan 32.6 ta 2013 ta zama kusan 41, matsakaicin kuma ya tashi daga 20 zuwa kusan 23. A raba 450 da 23, ninkin ya kusa 20. Kamfani ɗaya, rana ɗaya, farashi ɗaya, wannan ya ce 8, wancan ya ce 20. Ban ce kamfanin ya yi tsada ba, amma wanda ya san 20 yake biya ba zai sayar da kadararsa ya zuba a ciki yana ganin ya tsinci dami a kala ba.

Abin ma ya fi ban mamaki idan aka juya shi. A ƙarshen Oktoban 2020 hannun jarin ExxonMobil yana ƙasa da dala 35, watanni biyu bayan an cire shi daga jerin manyan kamfanoni 30 na Dow Jones, wanda ake auna kasuwar hannun jarin Amurka da shi. Babu ribar da za a raba da ita a wannan shekarar, don haka mai lissafin shekara guda ba shi da abin faɗa sai dai ya ce a guje shi. Alhali matsakaicin ribarsa daga 2010 zuwa 2019 ya kai biliyan 26 tun ma kafin a yi gyaran hauhawar farashi, kasuwa kuma tana sayar da kamfanin a wajen biliyan 140. Ninki 5 da ɗoriya ke nan. Bayan shekara biyu hannun jarin ya haura dala 100. A harkar mai sau da yawa ƙaramin ninki yana bayyana ne lokacin da riba ta kai ƙololuwa tana shirin saukowa, shi kuwa lokacin arahar gaske takardun kamfani babu kyan gani. Ko gona mutum zai saya, ba ya yi mata kuɗi da amfanin shekarar da damina ta yi albarka kaɗai, sai ya tambayi abin da ta bayar a shekarun fari.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Masana harkar zuba jari Benjamin Graham da David Dodd sun ba da shawarar a riƙa ɗaukar matsakaicin ribar shekaru da dama tun 1934, bayan rugujewar kasuwar 1929 ta koya wa mutane hankali. Masana tattalin arziki Robert Shiller da John Campbell suka sake ɗauko ta a 1988, da shekara goma da kuma gyaran hauhawar farashi, shi ya sa ake kiranta ma'aunin Shiller. Shiller ɗin yana cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2013.

To amma, Ya Edita, kada masu karatu su ɗauka na kawo musu laya. Shiller ya yi ma'auninsa ne don kasuwar Amurka baki ɗaya, inda faɗuwar wani kamfani take haɗuwa da tashin wani. Ɗora shi kan kamfanin mai guda ɗaya yana buƙatar taka tsantsan, kuma a nan ne nake da ja da wasu abokan aikina da suke ƙaunarsa fiye da kima.

Babban abin da ma'aunin yake ɗauka shi ne cewa shekaru goma masu zuwa za su yi kama da goman da suka wuce. Tarihin mai ya sha ƙaryata wannan. Wanda ya zauna a 1986 ya tara ribar shekarun da suka gabata, zai haɗa da shekarun da juyin juya halin Iran da yaƙinta da Iraƙi suka kai ganga sama da dala 30. A 1986 ɗin farashin ya yi faɗuwar baƙar tasa zuwa ƙasa da dala 15 bayan Saudiyya ta buɗe famfo, kuma ban da ɗan tashin da ya yi a 1990 lokacin da Iraƙi ta mamaye Kuwait, bai koma inda yake ba har ƙarshen ƙarnin. A Disambar 1998 ganga tana wajen dala 10. A duk tsawon waɗannan shekaru kayan masarufi suna ƙara tsada, mai yana ƙara araha. Gyaran hauhawar farashi yana daidaita darajar kuɗi ne kawai, bai yi wa kowa alkawarin cewa ganga za ta bi sahu ba.

Sannan kamfanin mai yana cin jarinsa ne yana sayarwa. Gangar da aka haƙo jiya ta tafi ke nan. Ribar 2014 ta fito ne daga rijiyoyin da wasunsu yanzu sun ja baya, saboda haka dole a duba yawan man da ya rage a ƙasa da abin da kamfanin yake kashewa kafin ya gano wani. Manyan kamfanoni suna iya cike gurbi. ExxonMobil ya gano mai a tekun Guyana a 2015, ya fara haƙowa a ƙarshen 2019, a 2024 kuma ya haɗiye kamfanin mai na Pioneer Natural Resources a cinikin kusan dala biliyan 60 da aka biya da sababbin hannayen jari. Wannan ma wata matsala ce ga mai lissafi, domin kamfanin yau ba shi ne na 2013 ba, adadin hannayen jarin ma ya canza, shi ya sa ya fi kyau a yi lissafin kan ribar kowane hannun jari. Ƙaramin kamfani mai fili ɗaya ko biyu kuwa, ni ba na ɓata lokacina da matsakaicin shekara goma a kansa.

Akwai masu cewa a cire 2020 daga lissafi, wai mafi yawan asarar da ExxonMobil ya yi ta takarda ce, tunda kusan biliyan 19 daga ciki rage darajar kadarori ne, galibi filayen gas. Ban yarda ba. ExxonMobil ya sayi kamfanin gas na XTO Energy a 2010 kan kusan dala biliyan 41 saboda gas, alhali farashin gas a Amurka, wanda ya haura dala 13 a 2008, ya faɗo ƙasa da dala 2 a 2012 da aka cika kasuwa da gas ɗin da ake fasa duwatsu a fitar. Kuɗin masu hannun jari ne aka kashe, an dai jinkirta rubuta asarar ne shekara goma. A ganina amfanin dogon lissafi ke nan, yana kamo kurakuran da shugabanni suka yi a lokacin wadata. In za a cire wani abu, gara a duba 2017, wadda kusan biliyan 6 na ribarta daga sauya dokar harajin Amurka ta fito, ba daga rijiya ba. Haraji ma ba ya barin riba ta kai ƙololuwa lafiya: a 2022 Birtaniya ta ɗora wa masu haƙo mai a tekunta ƙarin haraji na kashi 25 cikin 100 na ribarsu, ta mayar da shi 35 a farkon 2023.

Roƙona gare ku shi ne, duk lokacin da za ku buga sharhi kan hannun jarin kamfanin mai ko gas, ku sa marubucin ya jero ribar shekara goma a ɗan ƙaramin jadawali, da farashin ganga na kowace shekara a gefe, da bashin da ke kan kamfanin. Ba zai ci muku fili mai yawa ba, kuma duk alƙaluman suna cikin rahoton shekara-shekara da kamfanonin suke fitarwa. Ina kuma fatan marubucin sharhin zai ba mu amsa a wannan shafi, ya gaya mana farashin gangar da ya ɗauka a ransa lokacin da ya ce an yi araha.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Tsohon akanta mai karanta jaridarku