Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano Kan Tsilar Alade Da Ciwon Farfaɗiya

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka a kan wata cuta wadda mafi yawan mutanen Kano za su ce ba ta shafe su ba da zarar sun ji sunanta. Cutar ita ce shigar 'ya'yan tsilar alade cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a sahun cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi tun shekarar 2010. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a yankuna da yawa da cutar ta yi kaka-gida, musamman karkarar da ake sakin aladu suna yawo a cikin gari, kimanin kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya wannan tsutsa ce sanadin ciwonsu.

Ranka ya daɗe, na san amsar da za a fara bayarwa ita ce mu Musulmi ne, ba ma cin alade, don haka babu ruwanmu. Wannan amsa ta dace da rabin zancen ne kawai. Wanda ya ci naman alade mai ɗauke da 'ya'yan tsutsar, wanda bai dahu sosai ba, shi ne tsila ke girma a hanjinsa cikin wata biyu zuwa uku har ta kai tsawon mita biyu ko fiye, kuma sau da yawa ba ya jin wani ciwo da zai kai shi asibiti. Amma daga nan bayan gidansa zai riƙa fita da dubban ƙwai da ido ba ya gani. Duk wanda ya haɗiyi waɗannan ƙwai, ta hannun da ba a wanke ba, ko ruwan sha, ko ganyen da aka ci ɗanye, ƙwan zai ƙyanƙyashe a cikinsa, tsutsar ta huda hanji ta bi jini ta zauna a tsoka ko ido ko ƙwaƙwalwa, ta zama ɗan ƙunshin ruwa kamar ƙwayar wake. Tana iya shekaru a wurin shiru. Ranar da ta fara mutuwa sai wurin ya kumbura, mutum ya fara faɗuwa yana shure-shure, ko ya kamu da ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani. Wato ciwon ƙwaƙwalwar daga mutum yake zuwa ga mutum, ko da wanda ya kamu bai taɓa ganin alade da idonsa ba.

An ga haka a zahiri. A shekarar 1992 likitoci a birnin New York na Amurka sun ba da rahoton mutum huɗu daga gidajen Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, waɗanda naman alade ya haramta a gare su kamar yadda ya haramta a gare mu, an same su da wannan tsutsa a ƙwaƙwalwa. Da aka bi diddigi, sai zargi ya koma kan masu aikin gida da suka fito daga ƙasashen Latin Amurka, inda tsilar ta yawaita.

Kano kuwa tumbin giwa ce, ba a rufe mata ƙofa. Kullum motoci suna shigowa daga kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da Adamawa da Taraba da ƙasar Zuru, wuraren da kiwon alade sana'a ce ta halal ga masu ita, kuma kasuwar aladu ta Kafanchan tana cikin mafiya girma a ƙasar nan. Ɗalibanmu da masu yi wa ƙasa hidima da direbobi da fatake suna zuwa can su yi watanni suna cin abinci da shan ruwa, mutanen can su ma suna zuwa nan neman ilimi da abinci. Ga kuma halin da muke ciki a gida: latas da kabeji da alayyafo da ake nomawa da ruwan Jakara da Getsi, unguwannin da rijiya da masai ke maƙwabtaka, tashoshin mota da kasuwannin da ba su da isassun bandakuna, da makarantun allo da ɗaruruwan yara ke kwana babu inda za su kewaya. Mutum ɗaya mai tsila a hanji, idan yana sayar da abinci ko yana dafa wa gida, ya isa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke karɓar mai farfaɗiya. Idan babban mutum wanda bai taɓa faɗuwa ba ya yanke jiki a kasuwa, kafin ya farfaɗo an gama yanke hukunci cewa iska ce ko sammu. Wasu za su dare don kada yawunsa ya taɓa su, alhali farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu ko numfashi, wasu kuma za su cusa masa cokali a baki su karya masa haƙori. Daga nan sai hayaƙi da turare da yawo gidajen masu magani, har dukiya ta ƙare. Yarinya za ta rasa manemi, yaro a cire shi daga makaranta, matar aure a mayar da ita gidan iyayenta. Ba na raina addu'a ko ruƙiyya, domin Musulmi ba ya rabuwa da su, amma neman magani ma umarni ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace.

Tsutsar da ke cikin ƙwaƙwalwa ba a tabbatar da ita sai da hoton CT ko MRI, wato hoton da na'ura ke ɗauka na cikin kai. Na'urorin suna nan a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu cibiyoyi a cikin birni, sai dai kuɗin hoton ya fi ƙarfin manomin da ya taso daga Doguwa ko Sumaila. Ina roƙon ma'aikatarka ta fitar da umarni ga asibitocin ƙananan hukumomi 44 cewa duk wanda farfaɗiya ta fara kamawa da girmansa a tura shi a ɗauki hoton kansa, gwamnati ta ɗauke masa wani kaso na kuɗin, a kuma rubuta abin da aka gani a tattara shi wuri ɗaya, domin a san girman matsalar a jiharmu da alƙalumanmu na kanmu. Maganin ma yana da ƙa'ida. Albendazole da praziquantel suna kashe tsutsar, amma mutuwarta tana tayar da kumburi, shi ya sa ake haɗa su da maganin rage kumburi da na hana faɗuwa a ƙarƙashin kulawar likita, bayan an duba ido an tabbatar babu tsutsa a ciki. Wannan ba aikin mai kemis ba ne, kuma ya kamata a gaya musu haka a rubuce.

Akwai wani wuri da batun ya taɓa aikin ma'aikatarka kai tsaye. Praziquantel shi ne maganin da ake raba wa 'yan makaranta don yaƙi da tsargiya, wadda ta addabi garuruwan noman rani irin su Kura da Bunkure da Garun Malam. Shiri ne mai amfani, ba na son a dakatar da shi. Sai dai yaron da ke ɗauke da tsutsa a ƙwaƙwalwa ba a sani ba, maganin yana iya tayar masa da faɗuwa ko ciwon kai mai tsanani a kwanakin da suka biyo baya. Ya kamata malamai da masu rabon su tambayi ko yaro ya taɓa faɗuwa kafin su ba shi, su kuma san inda za su garzaya da shi idan abin ya faru. Mutanen Kano ba su manta abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan-inna a 2003 ba, kuma yaro ɗaya da ya faɗi ba tare da an yi wa iyayensa bayani ba zai iya rufe ƙofar gari guda.

A ɗakunan gwaji kuma akwai wata matsala. Tsilar da muka saba da ita a ƙasar Hausa ta naman shanu ce, wadda ba ta hawa ƙwaƙwalwa, amma ƙwanta da na tsilar alade kamanninsu ɗaya a ƙarƙashin madubin gwaji. Saboda haka duk wanda aka ga ƙwan tsila a bayan gidansa a ba shi magani nan take, a tambayi mutanen gidansa ko akwai mai faɗuwa. Duba-gari su dawo da gwajin masu sayar da abinci da masu dafa wa makarantun kwana, gwaji na gaskiya, ba takardar da ake saya a bakin ofis ba.

Tushen cutar yana karkarar masu kiwo, kuma can ne za a iya katse ta. Akwai allurar rigakafin aladu mai suna TSOL18, wadda aka gwada tare da maganin oxfendazole a arewacin Kamaru, aka buga sakamakon a 2010, inda ba a sami tsutsa mai rai a aladun da aka yi wa ba. Killace dabbobin, da duba nama, da dafa shi sosai, da haƙa masai, su ne sauran aikin. Kano tana da muryar da za ta kai wannan batu gaban takwarorinka na jihohin maƙwabta da likitocin dabbobi. Amma ina gargaɗi da babbar murya kada a bari zancen ya koma tsangwamar waɗanda ba Musulmi ba, ko mazauna Sabon Gari, ko 'yan aikin gida. Masu kiwon su ne suka fi kowa shan wahalar cutar, kuma wanda ya ji za a kore shi daga aiki ko a yi masa gori ba zai kawo kansa gwaji ba, sai ya ci gaba da yaɗa ƙwan a ɓoye.

Game da bahaya a fili, Jigawa da aka cire daga jikinmu a 1991 ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka tabbatar ta kawar da shi a 2022. Ina roƙon ka zauna da ma'aikatun muhalli da ruwa da ilimi a fara da tashoshin mota da kasuwanni da tsangayu, a kuma nemi limaman Juma'a da fastoci da gidajen rediyo su yi wa jama'a bayanin yadda ake taimakon wanda ya faɗi: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, kada a sa masa komai a baki, a kai shi asibiti idan abin ya wuce minti biyar.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa a gama lafiya. Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiya a birnin Kano