Zuwa ga ɗana, kafin ka tsaya a ƙofar jirgi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya.

A bakin ƙanwarka na ji cewa ka ba da sunanka cikin masu horon dira da laima. Mako uku muna magana a waya, ba ka ce mini uffan ba. Na san dalili, tsoro kake kada in maimaita abin da na yi lokacin maganar babur. To, har gobe ban yi nadamar wancan ba. Amma yau ba hana ka zan yi ba. Ni na raka ka ƙofar bariki da ƙafata, ba ni da bakin cewa ka dawo.

Targaɗe da karayar ƙafa ba su dame ni ba, ana ɗori a warke. Abin da ya hana ni barci shi ne mutum ya fita ƙofa igiyarsa ta ƙi sakinsa, jirgi ya yi ta jansa a baya.

Za su koya maka, amma ka ji daga bakina. Igiyar nan mai tsawon kusan ƙafa 15 da za ka maƙala a wayar ƙarfen cikin jirgi, ita ke zaro laima daga bayanka. In ta bi ta ƙarƙashin hammatarka, ko ta sarƙe da jakar kaya ko bindiga, ko ka fita jiki a sake har iska ta juya ka, shi ke nan ta zama tarko. Jirgin sojan nan C-130 kuwa gudun wajen kilomita 240 a sa'a yake yi lokacin da ake sakin mutane. Sau ɗaya na gani da idona, ina na huɗu a layi. Iska tana maka yaron da jikin jirgi, muna jin ƙarar daga ciki duk da rugugin inji. An jawo shi da rai. Ban taɓa ba ku labarin ba, domin mahaifiyarku tana da cikinka a lokacin, daga baya kuma bakina ya yi nauyi.

Ga inda tsorona yake. Akwai laimar ko-ta-kwana a ƙirjinka, kuma duk wanda ya ji kansa yana lilo a sama, zuciyarsa ce masa take ya fizge ta. Kada ka kuskura. In ta buɗe kana ɗaure da jirgi, jirgi na ja gaba, laima na ja baya, jikinka ne a tsakani. Tana iya kuma naɗe wutsiyar jirgin ka jefa kowa cikin halaka. Abin da ake so shi ne ka rufe mariƙinta da hannu biyu, ka sauke haɓa a ƙirji, ka haɗe ƙafafu, ka jira. Na ciki za su jawo ka da injin naɗe igiya. Ko ka zo dab da ƙofa ka ga fuskokinsu, kada ka miƙa musu hannu, su za su kama ka. In jawowar ta gagara za su yanke igiyar, sai ka ji kana faɗuwa tukuna ka ja mariƙin. Sojojin Ingila har wata laima suke ajiyewa a jirgi, su ɗaura ta a igiyar wanda ya maƙale, su sake shi ta sauko da shi.

Duk wannan jira ne, kai kuwa ba ka iya jira ba. Tun kana yaro hannunka ke riga tunaninka. Ka tuna ranar rijiya, ka tuna abin da ya samu Yayanka saboda kai. Girma ka yi, an sa maka kaki, amma halin nan ban ga ya bar ka ba, ɓoye mini wannan magana ma reshensa ne. Wa ka shawarta kafin ka ɗaga hannu?

Ranar 15 ga Mayun 1941, a sararin San Diyego ta Amurka, wani matashin hafsa mai suna Walter Osipoff ya yi minti 33 rataye a bayan jirgi, kai a ƙasa, haƙarƙari a karye. Laimar ko-ta-kwana na ƙirjinsa, bai taɓa ta ba. Mutum biyu, William Lowrey da John McCants, suka tashi da ƙaramin jirgi marar rufi, suka shiga ƙarƙashinsa, McCants ya miƙe tsaye ya rungume shi, farfelar ƙaramin jirgin ta datse igiyoyin har da ɗan guntun wutsiyar babban jirgin. Kowa jarumtar mutanen biyu yake yabo, sun kuma cancanta. Ni hannun yaron nake tunawa, minti 33 bai motsa shi ba.

Na yi maka zafi, ka yi haƙuri. Ban manta ba kai ne ka kwana arba'in a gefen gadona ba ka kosa ba, saboda haka na san haƙurin yana jikinka in ka neme shi. Kowace dira ka duba igiyar na gabanka kamar taka, ka miƙa taka a hannun mai tsaron ƙofa kana kallon idonsa, kada ka wurgar.

Mahaifiyarka ba ta sani ba tukuna, kuma ba ni zan gaya mata ba. Ka kira ta kafin ranar. In ka sauka daga dirar farko ka bugo mini, ko ƙarfe nawa ne. Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.