Wasiƙa Daga Aarhus: Gizo-gizon Kan Tsauni

Aarhus, Danmak

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya makaranta, ya ɗalibai, ya kuma jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Saƙonka ya same ni tun makon jiya, na ƙi amsawa a gurguje ne saboda tambayar da ka yi a ƙarshe. Ka ce yaran ajinka sun ji ina aiki a kan gizo-gizo, suna son sanin abin da mutum zai nema a jikin wannan ƙwaro har ya baro gida. To ga amsa, ka karanta musu abin da ka ga ya dace.

Da farko ka cire gizo-gizon kusurwar ɗaki daga ranka. Wanda nake aunawa ba ya saƙa yana don kama abinci. Mafarauci ne, a ƙasa yake yawo, ya bi ƙaramin ƙwaro a guje ya danne shi, shi ya sa Turawa suka laƙaba masa sunan kyarkeci. Idanunsa takwas ne a layi uku: ƙanana huɗu a ƙasa, manya biyu a tsakiya, wasu biyu a sama. Irin da aka fi sani a arewacin Girinlan, wato ƙaton tsibirin ƙanƙara da ke can ƙuryar arewacin duniya, sunansa na kimiyya Pardosa glacialis, kuma in ka ɗora jikinsa a farcen ɗan yatsanka ba zai cika shi ba.

Abin da ya fara kama zuciyata shi ne uwar. Idan ta yi ƙwai sai ta naɗe su cikin ƙunshin siliki, ta maƙala shi a bayanta daidai inda zaren yake fitowa, ta riƙa yawo da shi duk inda za ta. Rana na fitowa za ta hau kan dutse ta juya ƙunshin wajen ɗumi domin ƙwan su yi saurin nuna. In sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan su hau gadon bayanta, ta goya su na 'yan kwanaki kafin su watse. Ranar da na fara ganin hoton wannan goyo na daɗe ina kallo, Malam, don ban taɓa zaton akwai irin wannan reno a ƙasar ƙanƙara ba.

Aikina a ɗakin bincike bai da wuyar faɗa. Masu zuwa Girinlan suna binne ƙananan kofuna a ƙasa, bakinsu daidai da turɓaya, gizo-gizo ya zo wucewa ya faɗa. Sai a adana su a alkohol a kawo mana. Ni kuma in sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma in auna faɗin ɓawon da ya rufe kai da ƙirji. Ba ma auna ciki, don ciki yana kumbura ya saɓe gwargwadon abin da aka ci jiya. Ɓawon kuwa ba ya ƙarya: gizo-gizo yana girma ne ta hanyar saɓa kamar maciji, kuma daga saɓar da ya balaga ba ya sake wata. Girman da ya samu a ranar shi ne nasa har mutuwa. Bayan awo sai a buɗe ƙunshin a ƙirga ƙwai ɗaya bayan ɗaya.

To, ina tsauni ya shigo? Ka tuna tafiyarmu Jos, yadda muka bar Kano da gumi muka isa muna neman rigar sanyi? Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina: duk mita 100 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 0.6. A wurinmu wannan bai wuce sauyin tufafi ba. A ƙasar da bazararta gaba ɗaya wata biyu zuwa uku ce, wadda ko a watan Yuli matsakaicin zafi bai kai digiri 10 ba, 'yan ɗaruruwan mitoci na nufin dusar ƙanƙara ta makara wajen narkewa a sama, ta kuma riga dawowa. Abin da tsauni ke ƙwacewa daga gizo-gizo shi ne lokaci. Kai da ka tashi a gidan noma ka fi ni sanin wannan. Inda damina ke da tsawo ana shuka maiwa a jira ta, inda take gajeriya sai gero mai saurin nuna, ko da zangarniyar ba ta kai ba. Haka gizo-gizon sama: kwanakin farauta kaɗan, ƙwarin da zai ci kaɗan, kuma dole ya balaga kafin sanyi ya rufe ƙofa. A can arewa sosai sai ya kwana hunturu biyu ko fiye a ƙarƙashin dusar ƙanƙara kafin ya isa aure. Ita dusar ma bargo ce a gare shi, tana kare shi daga iskar da ke sama.

Yaranka masu karatun kimiyya za su iya ce maka littafi ya ce dabbobin ƙasar sanyi sun fi girma. Gaskiya ne, wani Bajamushe, Carl Bergmann, ya faɗi haka a 1847, amma a kan masu ɗumin jini yake magana, tsuntsaye da masu shayarwa, waɗanda babban jiki ke taimaka wa wajen riƙe zafi. Gizo-gizo ba ya kunna wuta a cikinsa, rana ce murhunsa, don haka sau da yawa lissafin juyewa yake yi.

Ga inda nake son ka tsaya da kyau. Hawan ba ya cin namiji da mace daidai. A tsibirin Disko na yammacin Girinlan, binciken da Toke Høye da abokin aikinsa suka buga a 2010 ya nuna cewa mata ne ke ƙanƙancewa in ana hawa, maza kuwa kusan suna nan yadda suke. Dalilin yana cikin abin da girma ke saya wa kowannensu. Ita mace, faɗin jikinta shi ne rumbunta: babbar uwa ƙwai da yawa, ƙaramar uwa ƙwai kaɗan. Don haka duk inda aka samu sararin ci, mace ce ke mayar da shi girma, duk inda aka rasa kuma ita ce ke asara. Shi namiji buƙatarsa ya balaga da wuri ya bazama neman mace, ƙarin jiki ba ya ƙara masa riba kamar yadda yake ƙara mata. Idan na ɗauko ƙaramar uwa daga kwalbar wurin da ke sama, na ƙirga 'yan ƙwanta, wallahi tausayi nake ji. Ta yi irin wahalar 'yar'uwarta ta kwari, ta goya, ta shanya a rana, amma da guntun kaso.

Kada dai ka koya wa yara cewa kowane gizo-gizo haka yake. A yankin Yukon na Kanada, Joseph Bowden da abokan aikinsa sun gwada iri uku, suka buga a 2013. A Pardosa lapponica mace ta fi namiji raguwa, ƙwanta ma suka ragu da hawa. A Pardosa uintana duka biyun suka ragu tare. A na ukun, Alopecosa aculeata, maza ne ma suka ƙara girma a sama, mata ba su motsa ba. Yanki ɗaya, amsa uku. Ban da tsawo, akwai danshin wuri, da ko gangaren yana fuskantar rana, da yawan 'yan'uwan da ake rabon abinci da su. Wannan ne ya sa nake ganin girman masu zuwa su zauna cikin sauron tundura, wato filayen sanyi marasa itatuwa na can arewa, wata da watanni suna zazzage kofuna, don a zaune a ofis ba za a taɓa cankar wannan ba.

Abin da ke hana ni sukuni kuwa daga tashar Zackenberg ya fito, a arewa maso gabashin Girinlan, wajen digiri 74 arewa da layin da ya raba duniya biyu, inda ake tara gizo-gizo duk bazara tun 1996. A 2009 aka nuna cewa a shekarun da dusar ƙanƙara ta narke da wuri, gizo-gizon sun fi girma, mata kuma suka fi maza ƙaruwa. Ka ga abin da hawa ke yi a kan gangare, ɗumamar yanayi na yin kishiyarsa cikin shekaru, kamar ana sauko da tsaunin ne a hankali. Sai a 2020, da aka duba ƙunshin ƙwai na shekarun 1996 zuwa 2014, aka gano cewa in bazara ta zo da wuri, uwayen Pardosa glacialis suna yin ƙwai karo na biyu a shekara ɗaya, abin da a da aka sani da 'yan'uwansu na ƙasashe masu ɗumi. Ƙunshi na biyu bai kai na farko yawa ba, kuma shi bai danganta da girman uwar ba.

Wani zai ce ai alheri ne, haihuwa ta ƙaru. Ni dai gabana faɗuwa yake. Waɗannan su ne manyan mafarautan ƙananan halittu a wannan ƙasa. Suna cin 'yan ƙwarin da ke cin fumfuna, ita kuma fumfuna ce ke ruɓar da ganyen da ya mutu, a kan ƙasar da ta daskare shekaru dubbai da tarin kabon a cikinta, sinadarin da in ruɓa ta sake shi cikin iska yake ƙara ɗumama duniya. In sun yi yawa ma junansu suke ci. Taɓa girman uwa ɗaya taɓa wannan sarƙa ne gaba ɗaya, kuma yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, ya fi sauran duniya saurin ɗumama.

Ka ba yara wannan ma, za su so shi. A 1924 wani likitan tawagar Birtaniya da ta je hawan Everest, tsaunin da ya fi kowane tsawo a duniya, mai suna Hingston, ya samu ɗan gizo-gizo mai tsalle a tsawon kusan mita 6,700, inda ba ciyawa ba itace. Sai a 1975 aka raɗa masa suna Euophrys omnisuperstes, ma'ana wanda ke tsaye a saman kowa. Cikin abincinsa har da ƙwarin da iska ke ɗaukowa daga ƙasa ta yar a kan duwatsu.

Ina da roƙo. Dangin gizo-gizona suna nan a gonakinmu. In damina ta kankama, ka fita bayan isha da tocila, ka riƙe ta kusa da idonka, ka haska ciyawar bakin gona. Za ka ga wasu 'yan ɗigo suna ƙyalli kamar raɓa, idanunsu ne. Ka matsa a hankali, in ka dace da mai ƙunshi a baya ko mai goyo, ka ɗauko min hoto da wayarka, ka sa ashana a gefe don in gane girmanta. Ka sa takalmi mai rufi saboda kunama da maciji, kuma kada yara su kama da hannu.

Ka gaishe min da Inna da uwargida, ka shafa min kan yara. Ka sa ni a addu'a, sanyi ya fara shigowa nan, yini kuma yana ta gajarta.

Wassalam,
Naka, amininka na kullum.