Wasiƙa zuwa ga ɗana, kan masu dajin da suka ƙi inji

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na karanta ƙorafinka cewa masu daji sun cika taurin kai, ka kai musu injin da ke kayar da itace, ya sassabe rassa, ya yanka gungume daidai awo cikin minti ɗaya, su kuma sun ce a bar su da zartonsu. Kada ka yi saurin yanke musu hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Kai gungumen da za a fitar kake ƙirgawa. Shi mai daji hankalinsa yana kan abin da za a bar masa. Itacen da ya dasa yana saurayi, wataƙila sai jikansa zai sare shi. Na taɓa tsayawa a dajin da aka shigar da inji bayan ruwan sama. Tayoyi sun tona ramuka har gwiwa, ruwa ya kwanta a ciki, itatuwan bakin hanya an goge musu ɓawo, farin jikinsu a waje. Ta wannan rauni ruɓa ke shiga, ba za a gani ba sai ranar da aka sare itacen aka tarar cikinsa ya lalace. Motar kwasar gungume idan ta yi lodi tana iya wuce tan 30, ƙasar da ta danne kuwa takan yi shekaru kafin saiwa ta sake ratsa ta. Mai dajin nan har yau ba ya son jin sunan inji, kuma ban ga laifinsa ba.

Ni ba na ƙin inji. Sara da zarto yana cikin ayyuka mafi haɗari, direban inji kuwa yana zaune a ɗaki mai kariya. A ƙasar Finlan da ke Turai fiye da rabin daji na iyalai ne, amma kusan duk saran kasuwa inji ke yin sa. Abin da ya sa suka yarda shi ne tsari.

To, ka bi tsarin. Ka taka dajin da ƙafa tare da mai shi kafin komai. Ku sa alama a hanyoyin da inji zai bi, mita 20 tsakaninsu, tunda hannunsa yana kai mita 10 ta kowane gefe. A shimfiɗa rassan da aka sassabe a kan hanya don tayoyi su taka su. Idan ƙasa ta jiƙe, a dakata, ko ɗan kwangila zai ɓata rai. Ku rubuta wanda zai gyara ɓarna idan ta auku. Mai ƙaramin fili kuma, kuɗin kawo inji kaɗai zai cinye ribarsa, sai ka haɗa shi da maƙwabtansa a yi aiki ɗaya.

Wanda ya ce a'a bana, ka yi masa godiya, ka gayyace shi ya ga dajin maƙwabcinsa bayan an gama.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka