Wasiƙar Godiya ga Sashen Ido na Asibitin Tarayya da ke Gusau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga likitoci, nas-nas da duk ma'aikatan sashen ido, na zaɓi in rubuto wannan a bainar jama'a saboda godiyar da na yi muku da baki ranar da muka baro asibiti ba ta ishe ni ba.

Shekara uku yanar ido tana rufe wa mahaifiyata gani sannu a hankali. Da fari Inna cewa take yi tana ganin hazo irin na hunturu. Daga baya fitilar babur da dare ta riƙa kashe mata ido, har abin ya kai sai jika ya riƙe mata hannu ko tsakar gida za ta fita. Tsoro ne ya hana ta zuwa asibiti. Shekarun baya wani mai magani da ke bin kasuwanni ya soke wa yayanta ido, ya tura yanar can ciki. Kawu ya ga haske na 'yan kwanaki, sai idon ya kumbura, daga nan ya mutu murus. Tun ranar Inna ta rantse babu mai taɓa mata ido. Kuma ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba: binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, kuma kusan rabin idanun da aka taɓa saboda ita sokewar gargajiya aka yi musu.

Da ƙyar na lallashe ta muka taso daga Ƙauran Namoda. Wata nas ce ta fara kwance mata zuciya. Ta jawo kujera ta zauna daf da ita, ta ce, "Mama, ba ƙwaƙule idon za a yi ba. A cikinsa akwai wani ɗan abu mai kama da gilashi, shi ne tsufa ya sa ya dushe. Za a cire shi ta 'yar ƙaramar kafa, a sa miki na roba mai tsabta, ya zauna har iyakar rayuwa." Inna ta tambaye ta sau uku ko za a sa ta barci, sau uku kuma ta amsa mata ba tare da ƙosawa ba: idon kawai za a kashe wa zafi, ita tana farke.

Aka auna jini da suga, aka auna idon domin a san ƙarfin gilashin da zai dace da ita. Aikin kansa bai kai minti arba'in ba. Da ta fito na tambaye ta zafi, ta ce allurar farko ce kawai ta ɗan ji, sauran sai haske da motsin hannun likita.

Washegari da safe aka ɓare bandejin. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, sai ta sunkuya ta kama bakin mayafinta ta ƙura masa ido. Ta ce, "Ashe shuɗi ne? Shekara biyu ina sa shi ina cewa ruwan toka ne." Nas ɗin ta yi dariya, ni kuwa sai da na fita waje na share fuska.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku ɓoye mana wahalar jinya ba. Kun ce za ta ji kamar da yashi a idon, zai yi ja, zai yi ruwa na 'yan kwanaki, haka kuwa aka yi, shi ya sa hankalinmu bai tashi ba. Kun koya wa ƙanwata ɗiga magani da wankakken hannu ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba. Ba murza ido, ba kwalli, ba hayaƙin murhu, ba ɗaukar kaya mai nauyi, a kwana da murfin roba, a kiyaye ruwa wajen alwala. Hatta salla kun yi mata bayani, cewa ta yi ta a zaune na ɗan lokaci. Wannan ne ya fi damunta, kuma da ba ku ɗauko maganar ba kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba. Kun kuma jaddada cewa in zafi ya tsananta, ko gani ya ragu, ko ruwan ƙwantsa ya yi yawa, mu taho a ranar, kada mu jira ranar da aka ba mu.

Yau sati shida ke nan. Inna tana tsince shinkafarta da kanta, kuma ita ce ke tuna mini ranar da za mu dawo a duba ɗaya idon. Jiya ma na iske ta tana yi wa wata maƙwabciyarmu mai irin wannan lalura bayanin gilashin roba, kalma bayan kalma, yadda nas ɗinku ta yi mata.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa hannuwanku albarka, ya jiƙan magabatanku.

Naku,
Ɗan Inna, daga Ƙauran Namoda.